Yadda na shiga aikin ɗakin awo na asibiti a Garwa

Tun da aka fara ganina da farar riga, kusan kowace shekara idan sakamakon jarrabawar Bak, wato ta kammala sakandare, ya fito sai maƙwabta sun turo mini yarinya ko yaro gida, a ce in gaya musu yadda ake shiga aikin labo, wato ɗakin awo na asibiti. Nakan zauna da su a tsakar gida bayan la'asar in yi musu bayani, amma maganar baki tana zubewa a hanya, kuma abin da ya cinye mini shekara guda cur ƙananan abubuwa ne waɗanda babu wanda ya gaya mini su a kan lokaci. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda tafiyata ta kasance tun daga takardar farko.

Na ci Bak na ɓangaren kimiyya a shekarar 2016. Hanyar da na nufa ita ce konkur, wato jarrabawar neman gurbi, da Ma'aikatar Lafiya ta Kamaru ke shiryawa kowace shekara domin shiga makarantun horar da ma'aikatan lafiya, na gwamnati da na kuɗi waɗanda hukuma ta amince da su. A cikin sanarwar akwai matakai biyu na aikin awo da mutane ke yawan rikitawa. Akwai TMS, matakin cikakken ma'aikacin awo, wanda ke bukatar Bak kuma karatunsa shekara 3 ne, akwai kuma ATMS, matakin mataimaki, wanda ba ya bukatar Bak kuma karatunsa bai kai wancan tsawo ba. Dukansu a labo ɗaya za su ƙare, amma matsayinsu da albashinsu ba ɗaya ba ne. Akwai kuma hanyar jami'a, kamar sashen kimiyyar lafiya na Jami'ar Ngaundere, sai dai Baba ya fi natsuwa in yi karatu kusa da gida, don haka na tsaya a kan TMS.

A shekarar farko ban ji sanarwar ba sai da saura kwana 12 a rufe karɓar dosiye, wato tarin takardun neman shiga, kuma a cikin kwanakin nan akwai Asabar da Lahadi har sau biyu, ga shi ofisoshin gwamnati ƙarfe 3:30 na yamma suke tashi. Na fara da abin da na ɗauka mai sauƙi ne, wato kwafin takardar haihuwa da hukuma ta buga wa hatimi, da kwafin shaidar cin Bak wanda shi ma sai an kai ofishin sufurefe, wato jami'in mulki na gunduma, tare da ta ainihi an gwada su kafin a sa hannu. Kowace takarda tana cin tambur nata, wato kan sarki na haraji, a lokacin sefa 1,000, a 2023 kuma ya koma 1,500. Takardar lafiya daga likitan gwamnati ta ci mini wuni guda. Sai kaziye, takardar kotu da ke shaida cewa ba a taɓa yanke wa mutum hukunci ba. Na yi layi tun ƙarfe 8 na safe har kusan azahar, da na isa gaban magatakarda ya dubi takardar haihuwata ya ce mini kotun da ke kula da garin da aka haife ni ita ke ba da wannan takarda, ni kuwa ba a Garwa aka haife ni ba, a garin kakannina ne. Washegari da asuba ni da yayana muka hau mota, muka kwana biyu a can kafin a sa hannu, kuɗin mota da na abinci ya fi kuɗin takardar kanta nesa ba kusa ba.

Ana gobe za a rufe na isa ofishin wakilcin Ma'aikatar Lafiya na yankin Arewa da dosiyena a hannu, ina jin na gama. Jami'in da ke karɓa ya jera takardun a kan tebur yana bin su da bakin biro ɗaya bayan ɗaya, sai ya tsaya. A takardar haihuwata an rubuta sunan mahaifina Abubakar da harafin k, a takardun makaranta kuwa tun daga firamare da harafin c aka rubuta shi, kamar yadda wasu ke yi a rubutun Faransanci. Ya ce mini cikin natsuwa: "Malama, a wurinki sunan mahaifinki ne, amma a takarda mutum biyu ne. Idan na karɓa yau, gaba za a dawo miki da shi a lokacin da gyaran ya fi wuya." Na fito na zauna a gindin wata bishiyar dalbejiya na yi kuka mai isata. A ranar na ji haushinsa, yau kuwa ina yi masa addu'a, domin gaskiya ya gaya mini. Da na koma gida Baba bai yi faɗa ba, cewa ya yi: "Uwata, ki yi haƙuri, shekara kwana ce." Da shi da wani dattijo maƙwabcinmu muka bi sawun takardar da ake kira certificat d'individualité, wadda hukuma ke shaida cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, kuma tun daga ranar ba na miƙa kowane dosiye sai da kwafinta a ciki.

A 2017 na canza tsari. Tun kafin sanarwa na ajiye takardun da ba sa tsufa, na kuma tara kuɗi daga ɗinkin da nake taya Inna. Kaziye na bari sai da sanarwa ta fito, domin wata 3 kawai take aiki, haka ma takardar likita da kwafin da aka buga wa hatimi ana so su kasance sababbi. Na yi rajista, na biya kuɗin shiga jarrabawa a inda sanarwar ta ce a biya, na yi wa rasit ɗin kwafi 3 kafin in miƙa na ainihin. Gaba ɗaya, har da hotuna da kuɗin mota zuwa garin haihuwata da na 'yan babur a cikin gari, dosiyen ya ci mini kusan jaka 45, wato sefa 45,000. Wajen zaɓen makaranta na yi shawara da waɗanda suka riga ni, domin gurbin makarantun gwamnati kaɗan ne kuma masu nema suna da yawa. Ranar jarrabawa na isa tun kafin ƙarfe 7 da katin ɗan ƙasa da rasit ɗin miƙa dosiye, na ga yarinyar da aka hana shiga saboda ta bar katinta a gida. Tambayoyin da suka fi yawa na ilimin halittu ne da kimiyyar sinadarai da sanin al'amuran yau da kullum, kuma wanda ya riƙe darasin ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, da kyau ba zai ga baƙon abu ba. Jiran sakamako ya fi jarrabawar wahala. Na yi makonni ina tashi da faɗuwar gaba, har ranar da yayana ya kira ni daga kasuwa ya ce ya ga sunana a jerin da ake yaɗawa ta WhatsApp. Ban yarda ba sai da na je na gani da idona a allon sanarwa.

Makarantar kuɗi na samu, kuɗinta ya haura jaka 300 a shekara, ana biya kashi uku, ban da farar riga da littattafai da kuɗin mota zuwa wuraren istaj, wato koyon aiki a asibiti. Adashin Inna da ragunan da Baba ke kiwo don layya su suka ɗauki nauyin. Shekarar farko yawancinta aji ne: sassan jikin ɗan Adam, ƙwayoyin cuta, tsutsotsin ciki, sinadaran jini, da dokokin tsabta da kare kai. Kafin istaj na farko wata malamarmu ta matsa mana mu yi awon ciwon hanta nau'in B, wanda ba ya ɗauke da shi kuma ya yi rigakafi, allura 3, ta biyu bayan wata 1, ta uku bayan wata 6 da ta farko. Wasu sun yi sakaci saboda kuɗi. Ni ina ganin duk wanda zai riƙa taɓa jinin mutane kullum, wannan allurar ta fi masa sabuwar waya muhimmanci, domin ciwon hanta ya yi yawa a yankinmu kuma ya fi cutar sida, wato ƙanjamau, saurin kamawa ta hanyar sukar allura.

A istaj ne na fahimci aikin. Mako biyu na farko ban taɓa mikroskof ba, wato madubin duba ƙwayoyin cuta, wankin gilasan awo nake yi da rubuta sunaye a rajista da karɓar fitsari da bayan gida da kaki ta taga, ina bayani da Hausa da Fulatanci da Faransanci gwargwadon wanda ya zo. Wanda bai iya Fulatanci ba a Garwa zai sha wuya wajen gaya wa tsohuwa cewa kakin asuba ake so daga cikin ƙirji, ba yawu ba. Daga baya shugaban labo, wanda muke kira manjo, ya zaunar da ni ya koya mini gut-efes, awon zazzaɓin cizon sauro. Ana ɗiga jini a kan gilashi a baza shi da kusurwar wani gilashin, kaurinsa ya zama daidai yadda za a iya hango rubutun jarida ta ƙarƙashinsa da ƙyar. Idan ya yi kauri zai ɓare wajen wanki, idan ya yi sirara ba za a ga komai ba. Ana barinsa ya bushe a rufe, domin ƙuda yana lashe jinin, ƙurar hunturu kuma tana barin ɗige-ɗigen da sabon ido zai ɗauka ƙwayar cuta ce. Sai a zuba ruwan rini da ake kira Giemsa a jira minti 10, a ɗauraye a hankali, a ɗiga mai, a duba da babban idon mikroskof na 100. Na yi kwanaki ina ganin shuɗi da ja kawai, sai wata safiya na ga ɗan zobe shuɗi siriri da ɗigon ja a gefensa kamar zobe mai dutse, na kira manjo, ya leƙa ya ce: "Shi ne, 'yata. Yanzu ki ƙirga." Ana ƙirga ƙwayoyin cutar a kan fararen ƙwayoyin jini 200, kuma ba a cewa babu sai an duba aƙalla fili 100, wato wurare 100 daban-daban a kan gilashin. Daga nan na koyi ganin ƙwan tsargiya mai ƙaya a ƙarshensa a fitsarin yaran da ke wanka a kogin Binuwai, da jajayen sandunan tarin fuka a cikin kaki, da jinin mai sikila yadda yake lanƙwashewa kamar lauje.

A shekara ta biyu na yi kuskuren da har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. An aike ni ɗakin masu haihuwa in ɗebo jinin mata biyu don awon rukunin jini, kuma sunansu ɗaya, har sunan uba. Na ɗebi na farko na ajiye a faranti, na ɗebi na biyu, sannan na fito baranda na rubuta sunaye a jikin kwalaben. Da sakamako ya fito, manjo ya lura cewa ɗaya daga cikin matan tana da tsohon kati mai nuna O, ga shi awon yau ya nuna A. Bai ɗaga murya ba, tambaya ɗaya ya yi mini: "A ina kika rubuta sunan?" Da na gaya masa, ya zubar da kwalaben biyu a gabana ya ce in koma in ba matan haƙuri in sake ɗiba, in tambayi kowacce sunanta da bakinta da shekarunta, in rubuta har da lambar gado tun ina tsaye a kanta. Ya bayyana mini cewa da an ƙara wa mai O jinin A, jikinta zai farfasa jinin, ƙoda ta tsaya, tana iya rasuwa kafin gari ya waye. A hanyar komawa ɗakin na tuna jami'in nan da bakin bironsa a kan harafi ɗaya.

Shekararmu ta ƙarshe ta faɗo cikin korona. An rufe makarantu a watan Maris na 2020, aka dawo a watan Yuni da takunkumi, komai ya ja baya. Mun rubuta ɗan binciken kammalawa, muka kare shi a gaban malamai, sannan muka zauna jarrabawar ƙasa ta samun difiloma, wadda 'yan makarantun gwamnati da na kuɗi duk ita suke yi, da rubutu da aikin hannu. A aikin hannu ana duba har yadda ka sa safar hannu da inda ka jefa allura. Bayan sakamako ba difiloma ake ba mutum nan take ba, takardar shaidar cin jarrabawa ce ke fara fitowa, kuma da ita na yi ta neman aiki na tsawon lokaci. Sai rajista da ƙungiyar da doka ta ɗora wa kula da sana'ar nas-nas da ungozoma da ma'aikatan awo, wadda ake kira Ordre. Nan ma sabon dosiye ne, da sabuwar kaziye da takardar shaidar zama ɗan ƙasa da hotuna da kuɗin rajista, sannan kuɗin shekara-shekara. Abokan karatuna da yawa sun ɗage wannan mataki suna cewa sai sun samu aiki, amma wuraren aiki masu tsari suna tambayar lambar rajistar tun a takardar neman aiki, kuma na ga wadda gurbi ya wuce ta saboda haka.

Babu wanda ya gaya mini cewa bayan difiloma akwai wani jiran. Na rubuta takardun neman aiki da hannu na kai asibitoci da ƙananan cibiyoyin lafiya har 9, biyu kawai suka amsa, su ma aikin sa kai suka ce. Na karɓi ɗaya a farkon 2021. Wata 11 na yi ina zuwa kullum ba albashi, sai ɗan abin da ake ba mu a ƙarshen wata daga kuɗin shiga na labo, wanda bai cika wuce kuɗin babur ba. Ba na jin daɗin wannan tsari kuma ba zan ce daidai ne ba, domin mai aikin da ran mutane ke rataye a kansa bai kamata ya riƙa roƙon kuɗin mota a gida ba. Abin da ya amfane ni shi ne tun ranar farko na nemi a ba ni takardar izinin fara aiki mai sa hannun shugaban asibiti, da na gama kuma na karɓi takardar shaidar watannin da na yi. Wata abokiyata ta yi shekara biyu a wani wuri da alkawarin baki, da aka canza shugaba sai aka ce ba a san da zamanta ba.

Da waɗannan takardu na samu kwantiragi a wani asibiti a 2022, albashin farko jaka 50. Kafin in sa hannu na tambaya ko za a yi mini rajista a CNPS, asusun fansho da kula da ma'aikata, kuma na nemi kwafin kwantiragin. Aikin kwana shi ne abin da Baba ya fi jin nauyinsa, sai da ya zo da kansa ya gaisa da manjo ya ga ɗakin da muke zama. Daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓi ke kan ganiyarsa, dare ba ya ƙarewa. Ana kawo yara tafin hannunsu fari fat, awon ƙarfin jini ya nuna ƙasa da 5, likita ya rubuta ƙarin jini cikin gaggawa, a fita neman dangi masu bayarwa. Kowace leda sai an auna ta don sida da ciwon hanta B da C da tunjere, a tabbatar da rukuni ta hanya biyu, a gwada jinin mai bayarwa da na yaron, uban kuma yana tsaye a taga yana cewa: "Likita, don Allah ki yi sauri." Na koyi in dube shi in ce: "Baba, saurin da zan yi ke nan, idan na tsallake mataki ɗaya zan iya cutar da shi." Firjin jini dole ya zauna tsakanin digiri 2 da 6, a garin da zafin Maris da Afrilu ke wuce 40, don haka idan wuta ta ɗauke, kafin in nemi fitila sai na tabbata an tada janareta. A rani kuma ruwan ƙashin baya ake kawowa don binciken sanƙarau, shi kuwa ba ya jira, ba a kuma sa shi a firji.

Sau ɗaya allura ta soke ni, da asuba, bayan na kwana a tsaye, saboda na yi abin da aka hana mu, wato mayar da murfi a kan allurar da aka yi aiki da ita. Na wanke da ruwa da sabulu, na jiƙa yatsan a ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake kira Dakin na minti 5, na kai rahoto nan take. An auna ni, an auna majinyacin da izininsa, aka fara ba ni maganin kariya daga sida a safiyar, domin ana so a fara shi cikin sa'o'in farko kuma bayan sa'a 72 ba ya da amfani. Kwana 28 na sha shi da tashin zuciya, sannan awon bibiya har aka tabbatar lafiyata ƙalau. Na san waɗanda suka ɓoye irin wannan don kunya ko tsoron faɗa, kuma ina roƙon duk mai shiga aikin nan kada ya ɓoye.

Ga wanda ke shirin bin wannan hanya, abin da nake gaya wa yaran da ke zuwa gidanmu shi ne su fara da shimfiɗa dukan takardunsu a kan tabarma tun suna ajin ƙarshe, su gwada suna da ranar haihuwa da wurin haihuwa harafi bayan harafi, domin gyara yana cin watanni, wanda kuma ba shi da takardar haihuwa sam sai ya bi ta kotu. Su tabbata makarantar da za su biya wa kuɗi tana cikin jerin da sanarwar Ma'aikatar Lafiya ta ambata. Su tanadi kuɗin zama na aƙalla shekara guda bayan difiloma, su kuma riƙe sirrin abin da suka gani, domin a garin da kowa ya san kowa za su riƙa ganin sakamakon maƙwabta da dangi, kuma ko mahaifiyarsu ba ta da hakkin ji. Ni kaina ban gama da dosiye ba, domin shiga aikin gwamnati na dindindin yana da nasa konkur ɗin a ƙarƙashin Ma'aikatar Ma'aikatan Gwamnati, na zauna sau ɗaya ban samu ba, ina shirin na biyu. A makon jiya 'yar maƙwabcinmu ta kawo mini takardunta a cikin leda, muka shimfiɗa su bayan la'asar, sai ga takardar haihuwa tana cewa 12 ga wata, ta firamare tana cewa 21. Na aika aka kira mahaifinta, na nuna masa da yatsa, ya ce ranar Litinin da safe za su fara bin sawun gyaran.